Maratayi

Shagonmu yana kallon teku a garin Crail,
ƙofa ɗaya, taga ɗaya da gishiri ya dusashe.
Nan nake ɗinka jakunkunan golf,
ni Mhairi, 'yar Lachlan Pirie,
wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana dakon sandunan wasu
daga rami na farko zuwa na goma sha takwas,
har kafaɗarsa ta hagu ta sauka ta bar ta dama
kamar sikelin da aka danne wa gefe guda.
In ya sa kwat, sai kwat ɗin ta karkace.
Tela ya gyara har ya gaji.

A zamaninsa maratayi da jaka ɗinki ɗaya ne,
mutu ka raba.
In ya tsinke a tsakiyar fili
sai ka rungumi jakar kamar tunkiyar da ta karye,
sanduna goma sha huɗu suna yi maka surutu a kunne,
mai su yana gaba, hannu cikin aljihu.

Shi ya sa da keken ɗinki ya dawo hannuna
na ɗauki alli, na zana a bayan kwali:
zobe uku na tagulla, ɗaya a wuya, biyu a ƙugu,
da ƙugiya mai harshe
wadda babban yatsa zai iya dannawa
ko da sanyi ya sandarar da hannu.

Ta farko ta karkata, sanduna suka zube a dakali.
Ta biyu, ƙugiyar ta riƙa kuka, ƙit, ƙit, a kowane taku,
sai da na naɗe ta da guntun fata ta yi shiru.
Ta uku ba na son tuna ta.
Ta bakwai na cika da yashi kilo goma sha biyu,
na hau tudun coci da ita sau uku, na sauko,
ta kwanta a bayana kamar an haife mu tare.

Baba ya karɓa, ya cire, ya mayar, ya sake cirewa.
Abin da ya ce kawai:
"Zoben ƙasa, matsa shi sama, faɗin yatsa biyu."
Da gaskiyarsa kuwa.

Yanzu mai tura jaka a keke yakan cire ya jefa a mota.
Samari suna son biyu, su goya kamar 'yan makaranta.
Wanda nasa ya jiƙe ya shanya shi kusa da murhu,
jakar tana can a bakin ƙofa, babu ruwanta.

Talatar da ta wuce, ana yayyafi,
Elspeth Geddes ta shigo da abu a naɗe cikin gyale.
Ƙaramar jaka take so, mai ɗaukar sanda bakwai,
tamfol ruwan toka, zik ɗaya.
"Amma kada ki yi mata maratayi. Ga shi na zo da shi."

Na gane ɗinkina.
Shekara tara ke nan da na yi wa mijinta, Ruaridh.
Fatar ta yi baƙi inda wuyansa yake gogawa,
ta lanƙwashe, ta riƙe siffar kafaɗar
da aka binne tun watan Maris.
Babbar jakar ta ba ɗan ƙanensa,
wannan ta danna ƙugiya ta cire kafin ya iso.

Na auna a jikinta, ya yi mata tsawo sosai.
Na ɗauko basilla in huda sabon rami.
Ta dafa hannuna.
"Bar shi a na huɗu, inda ya bar shi."

Jiya ta zo ta karɓa.
Ƙugiya ta shiga zobe, ƙas, ba gardama.
Ta fita, jakar tana dukan bayan gwiwarta,
ta bi hanyar bakin ruwa a hankali.

Baba yana kujerarsa kusa da tarin fatu.
Ya ce, "Zai ɓata mata kafaɗa."
Ya ja kwat ɗinsa ya daidaita, ta sake zamewa.
Na jira ya ce in kira ta.
Ya miƙo mini zare da kakin zuma.